Sharhi kan gyaran tirim ɗin babur ɗin ruwana a Legas

Babur ɗin ruwana tsohon Sea-Doo ne na kamfanin Bombardier na Kanada, irin mai VTS, wanda ake kira tirim, wato ɗan injin lantarkin da ke ɗaga bakin bututun feshin ruwa sama ko ya saukar da shi. Idan bututun ya kalli sama, gaban babur ya ɗago. Idan ya kalli ƙasa, gaban ya kwanta a kan ruwa. Wanda ya taɓa fita daga Five Cowrie Creek ya nufi Tarkwa Bay ya san amfanin wannan, domin da zarar ka shiga mashigar manyan jiragen Apapa igiyar ruwa takan canza.

Tirim ɗin nawa ya fara cijewa. In danna maɓalli, sai in ji ƙara kaɗan, ya motsa ya tsaya, daga baya fis ya riƙa ƙonewa. Makaniken farko ko buɗewa bai yi ba ya ce a sayo sabon injin tirim.

Wani ɗan'uwa a masallacin Obalende ne ya haɗa ni da wanda nake wannan sharhi a kansa, matashi ɗan Yawuri mai aiki a gefen ruwa a Ikoyi. Tsarin aikinsa ya burge ni ƙwarai. Batir ya fara aunawa, sannan ya kwance sandar da ta haɗa injin da bututun, ya gwada motsa bututun da hannu. Da ƙyar ya motsa, gishiri ya daskare a mahaɗarsa. Ya ce, "Alhaji, wannan injin ba mutuwa ya yi ba, kaya aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa." Sai ya nuna min robar da ke rufe sandar, ta tsage, ruwan gishiri yana shiga akwatin injin ta nan. Ya fito da injin, ya kankare tsatsa, ya wanke giyar, ya shafa giris ɗin da ruwa ba ya wankewa, ya goge bakin wayoyin da suka yi kore. Duk a gabana, kuma duk abin da ya cire sai ya miƙo min na gani. Wannan gaskiyar ita ce ta fi min komai.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Sabuwar robar ba ta samu da wuri ba, kuma bai riƙa sanar da ni halin da ake ciki ba sai na kira. Ladan aikin kuwa bai kai ko kusa da kuɗin sabon inji ba.

Yanzu tirim na hawa da sauka sumul. Ya gargaɗe ni in riƙa ɗauraye bayan babur da ruwan famfo duk na fito daga teku, in kuma duba robar. Masu sababbin samfuri irin na 2009 zuwa sama masu birkin iBR, ku tambaye shi tukuna, domin nasu tirim ɗin yana tare da na'urar birkin, ana buƙatar kwamfuta wajen duba shi.