Faɗaɗa ma'aji ko rage gudu?

Idan GNU Radio, wato shirin kwamfuta na sarrafa siginar rediyo, ya fara jero harafin O a allo, sauti na yankewa, kwamfutarka ce ta kasa kwashe abin da RTL-SDR, ƙaramar na'urar kama rediyo da ake jonawa ta USB, ke turo mata. Masu gwaji kan garzaya su faɗaɗa ma'ajin wucin gadi, wato inda bayanan ke jira kafin kwamfuta ta sarrafa su. Yana magani idan cikas ɗin na ɗan lokaci ne, amma sauti zai riƙa makara. In kuwa tsohuwar kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, babban ma'ajin ma cika zai yi.

Ni rage gudun samfur, wato yawan awon sigina da na'urar ke ɗauka a kowace daƙiƙa, ya fi kwanta mini. A samfur miliyan 2.4 kowace daƙiƙa, megabayit 4.8 ke kwarara ta USB a daƙiƙar, kana kama zango mai faɗin wajen kilohaz 2,400, alhali tashar FM ɗaya wajen kilohaz 200 take ci. Sauko da gudun zuwa miliyan 1, zangon ya ragu, tashoshin gefe kawai za ka daina gani.