Yogot ɗin Girka marar sukari: abin da na gani a lokacin rage ƙiba

Tun da na fara rage cin abinci don kitsen ciki ya sauka, babbar damuwata ita ce kada tsokar da na sha wahala wajen ginawa da ɗaga ƙarfe ta zube tare da shi. Wannan ne ya kai ni ga yogot irin na Girka, wanda aka cire wa mai kuma ba a zuba masa sukari ba. Yanzu kusan kullum sai na sha shi, kuma zan ci gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafinsa. A giram 100 akwai furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, kusan giram 10, kalori kuwa, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, bai wuce 60 ba. Madara mai cikakken mai tana da kalori kusan haka, amma furotin ɗinta giram 3 da ɗan kai ne. Dalili shi ne ana tace wannan yogot har ruwansa ya tsiyaye, ya bar kauri. Ga mai ɗaga ƙarfe da ke rage ƙiba, masana suna ba da shawarar furotin giram 1.6 zuwa sama da 2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Cika wannan adadi da nama kaɗai aiki ne ja, sai ga shi kwano ɗaya na giram 250 yana ba ni kusan giram 25 ba tare da na kunna wuta ba.

Wajen riƙe ciki ma ya yi min rana. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madara irin wanda ake kira kesin ne, yana dunƙulewa a ciki ya narke a hankali. Na fi jin amfanin haka da dare, lokacin da kwaɗayi ke kai mutum buɗe firji. Idan na sha kwano ɗaya da yankan ayaba bayan abincin dare, har in kwanta ba na tunanin wani abu. Ƙarfina a wurin motsa jiki bai ragu ba, bel ɗin wandona kuma ya matsa gaba.

Ba yogot ɗin ne ke ƙona kitse ba, rage kalori ne. Sai dai akwai wani bincike da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada, aka wallafa a 2011: mata masu ƙiba sun yi mako 16 suna rage abinci suna motsa jiki, kuma waɗanda suka fi cin furotin da kayan madara sun fi zubar da kitse, har tsoka suka ƙara. Wannan ya yi daidai da abin da nake ji a jikina.

Yana da nasa aibun. Akwai tsami, kuma wanda aka cire wa mai yakan ɗan kama harshe. Ni kirfa kaɗan nake barbaɗawa, in juya ruwan da ke taruwa a samansa ya koma ciki. Abin da ya ɓata min rai shi ne wani da na saya an rubuta masa "salon Girka", ashe sitaci aka sa ya yi kauri, furotin ɗinsa bai kai rabi ba. Masu ɗanɗanon 'ya'yan itace kuwa yawanci sukari ne cike. A juya bayan robar a karanta, idan furotin bai kai giram 8 zuwa 10 a giram 100 ba, a ajiye.

Wanda madara ke kumbura wa ciki ya fara da cokali biyu ko uku, domin tacewar tana rage sukarin madara amma ba ta kawar da shi duka. Shi kuwa cuku mai tauri, ni na rage cinsa sosai, tunda giram 100 nasa yana kai kalori 400.