Mai gyaran da ya sauke wa famfon ɗuminmu nauyi

Hunturu biyu na yi ina zargin famfon ɗumin da aka kafa mana a gida, wato na'urar lantarki mai ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Ɗakuna suna ɗumi, amma mita gudu take kamar an koro ta. Har na fara shawarar cire shi, sai uwargida ta ce a fara kiran masu duba irin waɗannan na'urori tukuna.

Mutum ɗaya suka turo, dattijo marar yawan magana. Bai taɓa ko sukudireba ba sai da ya tsaya gaban allon na'urar ya karance shi tsaf. Ya nuna mini cewa ruwan da ke zagaya radiyetocin bango, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna, a digiri 55 yake fita, dare da rana, ko sanyi ya tsananta ko ya lafa. "Malam, ai ka mai da shi injin tafasa ruwa mai ƙona gas," in ji shi. Famfon ba ya ƙona komai, zafin da ke cikin iskar waje yake kwasowa ya shigo da shi, kamar firji ne aka juya wa aiki. Iya tazarar da ke tsakanin sanyin waje da zafin ruwan da ka nema, iya wahalar da kwamfreso zai sha. In aka sassauta masa, yunit ɗaya na lantarki kan ba da yunit uku zuwa huɗu na ɗumi. Namu biyu da 'yan kai yake bayarwa.

Sai ya kunna tsarin da ke sa zafin ruwan ya riƙa bin yanayin waje, ya hau in sanyi ya ƙaru, ya sauka in gari ya yi daɗi. Yawancin ranaku yanzu kusan digiri 40 yake. Ya buɗe bawul ɗin radiyetocin da na rurrufe da sunan tattali, ya ce ƙuntata ruwan ne ke sa injin kunnawa da mutuwa a kai a kai, kuma hakan na cin wuta yana gajiyar da kwamfreso. Ya kuma hana ni kashe shi da dare. Wannan ta fi yi mini wuya, don tun ina yaro na saba in za a kwanta a kashe komai. Ashe da safe na'urar kan yi ta fafutukar cike gurbi, har hitar taimako da ke cikinta ta tashi, ita kuwa yunit ɗaya yunit ɗaya take mayarwa, babu riba.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Ya wanke matatar ruwa da ta cushe da baƙin laka, ya share ganyen da suka taru bayan fankar waje, ya sauke zafin tankin ruwan wanka zuwa digiri 50, ya bar shi yana hawa 60 sau ɗaya a mako don kashe ƙwayoyin cuta. Tururin da nake gani yana tashi a waje ina fargaba, ya ce ƙanƙarar da ta daskare ce injin ke narkarwa.

Inda ban ji daɗi ba, ya tafi bai bar mini rubutaccen saitin da ya canza ba, kuma ɗakin yara na sama ya yi mako guda da sanyi. Sai da na kira sau uku kafin ya dawo. Da ya zo bai yi musu ba, ya auna, ya ce radiyetar ɗakin ta yi ƙanƙanta ga ruwa mai ɗumi-ɗumi, aka sa babba.

Yanzu in ka dafa radiyeta ba za ta ƙona ka ba, baƙi ma kan ɗauka a kashe take, amma gidan bai taɓa daidaita haka ba. Jiya da na duba allon, yunit uku da rabi na ɗumi ya nuna a kan kowane yunit na lantarki. Na riga na ce ya dawo kafin hunturu mai zuwa, ya zo da takarda da biro.