Kamfanin jigilar shanu zuwa mayanka: abin da na gani bayan fiɗa

Sau uku ke nan ina bai wa wani kamfanin jigilar dabbobi aikin kai shanun da na turke zuwa mayanka, kuma ban yarda na yanke musu hukunci ba sai da na tsaya a wurin fiɗa na ga naman da idona. Dalili shi ne fatar shanu tana da kauri, tana ɓoye duka da karo, ta yadda dabba za ta sauko daga mota da ƙafafunta kamar babu abin da ya same ta, sai an feɗe a tarar jini ya kwanta a ƙugu da kafaɗa.

Motarsu ba ta da abin kushewa. Daɓen ƙarfen yana da zane mai hana santsi, an shimfiɗa masa garin katako, akwai shingaye da suka raba cikin motar ɗaki-ɗaki, iska kuma tana shiga ta kowane gefe. Gangaren da ake hawar da shanun bai yi tsaye da yawa ba, kuma a ganina bai wuce digiri 20 da Temple Grandin, malamar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, take ba da shawara ba. Direban tafiyar farko ya san aikinsa: yana tashi a hankali, yana rage gudu tun kafin ya isa kwana, bai taka burki da ƙarfi ba, kuma ya tsaya a hanya ya leƙa ko akwai wanda ya faɗi. Abin da aka yanke aka jefar saboda rauni daga naman wannan lodi bai taka kara ya karya ba.

A tafiya ta biyu ne aka sami matsala, alhali motar ita ce dai ta farko. Masu lodi sun zo suna gaggawa, suka dinga ihu suna jibgar shanun da sanda a gadon baya, ɗayansu kuma yana tsaye a gaban kafaɗar wani sa yana dukansa don ya shiga, bai san cewa duk wanda ya tsaya a nan baya yake mayar da dabba ba. Na ga an maka wa na ƙarshe ƙofa a ƙugu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ba tare da an shawarce ni ba, sun tsaya sun ƙara bijimai masu dogayen ƙahoni na wani mutum a cikin nawa, ga shi kuwa shanun da ba su san juna ba sai sun gwada ƙarfi, ƙaho kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo rauni a mota.

Da aka rataye naman, likitan dabbobin da ke dubawa ya nuna mini tabo ja wur, faɗin tafin hannu, a kan tsokar gadon baya, wato yankin da ya fi kowanne daraja. Ya ce da raunin ya kwana biyu da ya soma yin rawaya, don haka ba a turke aka same shi ba. Mahauci ya sa wuƙa ya ƙwaƙule wurin ya jefar, tunda naman da jini ya kwanta a ciki saurin lalacewa yake yi. Biyu daga cikin shanun kuma namansu ya fito baƙi-baƙi, ya yi tauri ya bushe. Hakan na faruwa idan wahala da faɗa suka cinye sukarin da tsoka ke ajiyewa, sai naman ya kasa yin tsami yadda ya kamata, maimakon ya sauka zuwa wajen 5.5 a ma'aunin tsami na pH sai ya tsaya a 6 ko sama, irin wannan nama kuwa ba ya daɗewa a ajiye.

Na kuma lura sun cusa shanun fiye da kima. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1/2005 ta ware wa sa mai nauyin kilo 550 fili tsakanin murabba'in mita 1.3 da 1.6, kuma ko inda dokar ba ta aiki ma'aunin yana da amfani, saboda idan an matsa su wanda ya faɗi ba ya iya tashi sai a tattake shi, idan kuma an bar fili ya yi yawa sai su riƙa karo da bango duk lokacin da aka taka burki.

Da na kai ƙara ofishinsu sun saurare ni da mutunci, amma suka ce ba su da alhakin abin da ba a gani ba lokacin saukewa, amsar da ban gamsu da ita ba ko kaɗan. A tafiya ta uku na sa sharaɗi a rubuce cewa direban farko nake so, ba za a haɗa shanuna da na kowa ba, ba za a ɗaga sanda ba, kuma ni zan ƙayyade adadin kowane ɗaki. Sun cika duka, naman ya fito fes. Zan sake ba su aiki, amma ba zan bar wurin lodi ba sai na ga an rufe ƙofar motar.