Haƙorin kifin whale na saya, ashe roba ce

Tun ranar da muka je gidan tarihin mafarautan kifin whale, ƙatuwar dabbar nan ta teku, da ke New Bedford a jihar Massachusetts ta Amurka abin nan ya shiga raina. Haƙora ne jere cikin gilashi, wani da zanen jirgi, wani da fuskar matar da aka baro gida. Matuƙan ƙarni na 19 sukan yi shekara uku, har huɗu, a teku. In babu aiki sai mutum ya ɗauki allura ko 'yar wuƙa ya karce haƙorin, ya goga baƙin fitila cikin karcen har zane ya fito.

Shi ya sa da na ga wani mai sayar da tsofaffin kaya ya sa guda a intanet, ko ciniki ban yi ba na biya. Ya iso da wuri, an naɗe shi da kyau, wannan kam ba zan tauye masa ba. Sati biyu yana kan teburin falo ina nuna wa baƙi.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya karɓa, bai ko kalli zanen ba, ya juya gindin. Ya ce yawanci na gaske yana da rami mai zurfi kamar mazurari, gurbin jijiya. Nawa ɗan lotsawa ne kawai, an shafa masa launin ƙasa don ya yi kamar ya tsufa. Ya ce in sa allura a wuta. Da ta yi ja na taɓa gindin, wallahi lumewa ta yi kamar a man shanu, ƙaurin roba ya cika kicin. Haƙori ba ya narkewa haka.

Zanen dai yana da kyau, igiyoyin jirgin ma ana iya ƙirga su, har na fara cewa a bar shi ya zama ado. Amma da na rubuta wa mutumin ya amsa min cewa shi bai taɓa cewa na gaske ne ba, sai raina ya sake ɓaci. To me ya sa ya rubuta masa shekara ta 1800 da wani abu? Ya san dokokin Amurka na 1972 da 1973 sun takura cinikin irin waɗannan haƙora, na gaske bai faye fitowa kasuwa ba, sai ya saka wa robarsa kuɗin na gaske.

Na mayar masa da kayansa, kuɗin aikawa ma daga aljihuna. Yau kwana goma sha ɗaya ina jiran kuɗina.