Caterham ko Westfield: Wacce Ta Fi Dacewa a Haɗa a Gida?

Masu sha'awar motocin tsere da ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da hannunsa, suna yawan tambayar wacce za su zaɓa tsakanin waɗannan motoci biyu na Ingila.

Caterham ta sayi haƙƙin ƙera Lotus Seven, wata ƙaramar motar tsere ta kamfanin Lotus, a 1973, kuma har yanzu da alminiyum take lulluɓe jikin motarta, yayin da Westfield, wadda aka kafa a 1982, take amfani da faiba, shi ya sa ta fi araha. Sai dai Caterham ta fi riƙe darajarta idan an tashi sayarwa.

Babban bambancin yana ƙafafun baya. Yawancin motocin Caterham suna da tsarin De Dion, wanda ke haɗa tayoyin biyu da bututu guda domin su tsaya daidai a kwana, alhali a yawancin na Westfield kowace taya motsinta daban, abin da ke rage jijjiga a hanya mai gargada.

Mai kuɗi da ke son asali da tabbacin samun kayan gyara, Caterham ce tasa. Wanda kuwa ya iya kanikanci, aljihunsa bai yi nauyi ba, Westfield za ta ishe shi.