Sharhi kan faifan fim ɗin Repulsion na 1965

Na sayi faifan Blu-ray na Repulsion wanda kamfanin Criterion ya gyara ya fitar a 2009, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Roman Polanski ne ya ba da umarnin fim ɗin a 1965, Catherine Deneuve kuma ta fito a matsayin Carol, budurwa 'yar Beljiyam mai aikin gyaran farce a wani shagon kwalliya a Landan. Tana zaune da yayarta, wadda ta tafi hutu Italiya da saurayinta, sai Carol ta kulle kanta a gida, hankalinta ya shiga gushewa sannu a hankali.

Duk wanda ya saba da finafinan aljanu da fatalwa zai yi ta jira bai ga ko ɗaya ba, domin abin tsoron yana cikin kan yarinyar ne, kuma an tilasta wa mai kallo zama a can tare da ita. Zomon da aka feɗe aka manta a faranti yana ruɓewa, dankali yana tsiro a kicin, bango yana tsagewa, daga bisani har hannaye suna ɓullowa daga bangon suna cafkar ta. A nan ne gyaran faifan ya yi rana, saboda hoton baƙi da fari da Gilbert Taylor ya ɗauka ya fito tar, kuma ana jin bugun agogo da ɗigar famfo ɗaya bayan ɗaya cikin shirun gidan.

Inda nake da ja shi ne kisan mutum biyu da Carol ta yi, mai neman ta da kuma mai gidan hayar. Wannan yana ƙarfafa zaton da ake yi cewa mai taɓin hankali abin gudu ne, alhali yawancin masu irin wannan lalura ba sa cutar da kowa. Sashen da ya fi kama da gaskiya shi ne sakacin na kusa da ita: suna ganin ta zura wa wuri ɗaya ido, ba ta magana, amma ba wanda ya kai ta wurin likita, kuma ko da ta yanke wata mata a yatsa wurin aiki, gida kawai aka tura ta.

Tsawonsa minti 105 ne, akwai kuma fitowar fyaɗe da Carol ke gani cikin ruɗani, don haka bai dace a kalle shi da yara ba.